Saje Ɗan Asabe na Gidan Mahauta

Sunansa na yanka Hashimu, amma ban taɓa jin an kira shi da shi ba sai ranar ɗaurin aurensa. Ranar Asabar aka haife shi a gidan mahauta da ke bayan kasuwar Talata Mafara, kakarmu ta ce Ɗan Asabe, sunan kuwa ya bi shi har cikin aikin ɗan sanda. Ni Indo taubashiyarsa ce. Mahaifinsa, Kawu Ɗantani, wan mahaifiyata ne, ciki ɗaya. Shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, don haka tun muna yara yake cewa ni baiwarsa ce, ni kuma in ce ban taɓa ganin ubangidan da ko kaza ba ya iya ciyarwa ba. Har muka yi furfura ba mu bar wannan wasa ba.

Kawu Ɗantani babban mahauci ne. Gidansa ba ya rabuwa da warin kitse da fatu a shanye, 'ya'yansa maza kuma kowa ya iya riƙe wuƙa kafin ya iya wanke rigarsa. Ɗan Asabe ma ya iya fiɗa, amma hankalinsa ba ya kwata. Kara yake so, inda ake cinikin shanu da ransu. In ya bi Kawu can, sai a neme shi a rasa, daga baya a gan shi tsugune cikin Fulani yana shan nono yana tambayarsu sunan kowace saniya. A wurinsu ya koyi Fillanci. Ya tashi ƙato, mai nauyin baki, in ka tambaye shi abu sai ka ɗauka bai ji ba kafin ya amsa.

Da ya gama sakandare sai ya je Gusau ba da sanin kowa ba ya shiga layin masu neman aikin ɗan sanda. Aka ɗauke shi. Ina gidan ranar da ya faɗa wa Kawu, na kai wa matar Kawun aron turmi.

Kawu ya daɗe yana wasa wuƙa bai ɗago ba, sannan ya ce, "Mi ka rasa a gidan ga?"

"Ban rasa komi ba, Baba."

"Kakanka da wuƙa ya ci abinci, ni ma da ita na ci, ba wanda ya taɓa zagin mu. Kai ka zaɓi ka tsaya bisa hanya kana tare bayin Allah."

Ɗan Asabe ya ce, "Ba duka ne haka ba."

"To tahi ka zama wanda ba haka ba. Amma kada ka shigo mini gida da wanga tufafi."

Bai ƙetare maganar ba. Shekaru yana aiki a kudu, duk sadda ya samu hutu ya zo gida, gidanmu yake fara sauka ya tuɓe kaki, ya sa riga da hula, sannan ya wuce ya gaida mahaifinsa. Kawu yakan amsa gaisuwa, ya tambayi hanya, amma ko sau ɗaya bai taɓa ce masa ina aiki ba. A ƙasarmu kuwa ko wanda ba ka sani ba sai ka tambaye shi aiki. Ɗan Asabe bai taɓa kawo mini ƙara ba. Yakan dai zauna a tsakar gidana bayan ya dawo daga gaisuwar, ya ce, "Baiwata, dama mini hura," ya shanye.

Ya auri Zainabu, 'yar Ruwan Gizo, mace mai tsabta da saurin fushi, suka haifi Mufida da ƙannenta maza biyu. Yana kofur aka dawo da shi Bakura.

A lokacin rikicin manoma da makiyaya bai kai yadda ya kai daga baya ba, amma ya fara zafi. Wata shekara da kaka shanu suka shiga gonar wake a Dakko suka yi ɓarna. Masu gona suka kama makiyayin suka jawo shi bakin kasuwa, jama'a ta taru da sanduna. Ɗan Asabe ne ya fara isa, a kan aron babur, shi kaɗai, ba bindiga. Ya ratsa taron ya tsaya gaban mutumin, ya yi masa magana da Fillanci ya ce ya zauna ƙasa kada ya motsa. Sannan ya juya ya ce wa masu gona ya ga ɓarnar da idonsa, za a biya su a gaban hakimi, amma ba wanda zai taɓa mutumin nan yana tsaye. Wani daga baya ya kawo sanda da niyyar makiyayin, ta sauka a goshin Ɗan Asabe. Jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai rama ba, bai ma tambayi wanda ya yi ba, ya dai tsaya inda yake. Ganin jinin ne ya sanyaya mutane, suka fara ja da baya.

Bai san Kawu yana cikin taron ba. Kawu ya je Dakko ne duba wani sa da aka yi masa talla, ya tarar da abin tun daga farko. Shi da bakinsa ya ba mahaifiyata labari. Ya ce ya ture mutane ya isa wurin, ya cire ƙyallen da ke kafaɗarsa ya ɗaure masa goshi, kamar yadda yake yi wa yaransa in wuƙa ta yanke su. Da ya gama bai san abin da zai ce ba, sai ya ce, "Ka ci abinci?"

Ɗan Asabe ya ce, "A'a, Baba."

"In ka ƙare aikinka ka biyo gida."

Ranar nan da kakinsa ya shiga gidan, har da jini a wuyan riga. Kawu bai ce komai a kan tufafin ba, ba a kuma sake tayar da maganar ba. Tabon dai ya zauna masa a goshi har ƙarshen ransa.

Ba zan ce mutum ne marar laifi ba. Yana da taurin kai na bugawa a misali. Akwai sadda ƙanen mijina ya yi faɗa a tashar Bakura ya fasa wa wani kwandasta baki. Na tafi da ƙafata na roƙe shi ya sake shi, ya ce sai wanda aka fasa wa baki ya yafe. Ƙanen mijina ya kwana a caji ofis, ni kuma na sha magana a gidan aurena. Na yi wata da watanni ba na amsa masa wasa, har yau kuma ina ganin da ya sassauta. Ga shi da alkawarin da ba ya cikawa a gida. Zai ce wa Zainabu ta yi lalle, da shi za a yi Sallah, ranar Sallah ta zo yana can yana gadin masallacin idi a wani gari. Sau ɗaya ta kwashe yara ta tafi Ruwan Gizo yaji. Ni ya tura biko, domin ya ce shi in ya je bai san ta inda zai fara ba. Na same ta tana kuka tana cewa ita ba ta ƙi aikinsa ba, tana dai so in ya ce zai zo ya zo, in ba zai zo ba ya faɗa. Da na kai masa saƙon sai ya ce, "Ta yi gaskiya." Daga nan ya daina yin alkawari, sai dai a gan shi kawai.

A barikin Bakura ya gyara wani ɗan fili bayan ɗakinsa ya dasa albasa da tattasai, yana ɗebo ruwa da bokiti. In ya tashi aiki can za ka same shi da gajeren wando. Abokan aikinsa suna tsokanarsa da cewa da gwamnati ta sani da malamin gona ta ɗauke shi.

Sai 'yan bindiga suka yi ƙarfi a daji. Ƙauyuka suka fara watsewa, hanyoyin da muke bi da rana tsaka suka zama sai an tambaya kafin a shiga. A cikin wannan hali aka ba shi saje, aka mai da shi Maradun. Ya bar iyalinsa a Mafara, gidan Kawu. Zainabu ta roƙe shi ya ajiye aikin. 'Yan'uwansa suka ce ga rumfa nan a kasuwa, ya zo ya kama. Ni ma na sa baki.

Ya ce mini, "Indo, in na aje, wani za a kai. Shi ma da uwa tai, da ɗiya."

Na ce, "Ni ban san wani ba, kai na sani."

Ya yi dariya ya ce, "Yau baiwa ta ji tausayin ubangida."

A Maradun ya haɗu da wani kurtu, Nagode, ɗan ƙasar Zuru, saurayi siriri mai yawan surutu, da wani kofur Jafaru, mutumin Bakura. Kwano ɗaya suke ci su uku. Nagode Kirista ne, amma da azumi shi ke tashi ya ɗumama musu abin sahur, in an tambaye shi ya ce ai yunwar Saje ce ba ta bari a yi barci. Ya taɓa rako Ɗan Asabe Mafara ranar kasuwa. Kawu ya yanko masa tsire da hannunsa, Nagode ya ci yana ba shi labarin ɗakin da yake gina wa mahaifiyarsa, saura rufi.

Ganina na ƙarshe da Ɗan Asabe wata Talata ce, farkon kaka. Ya zo saya wa Mufida takalmin makaranta, ya biyo gidana da rana. Ina tuyar ƙuli-ƙuli, ya zauna kan turmi yana ɗauka da zafinsa yana cewa gishiri ya yi kaɗan. Na ce wanda bai saya ba ba ya kushewa. Ya rame, idonsa ya faɗa, na tambaye shi ko lafiya, ya ce rashin barci ne kawai. Ya cika aljihu da ƙuli ya ce na abokan aiki ne, ya fita ya tari motar Maradun.

Abin da ya faru bayan nan daga bakin Jafaru na ji shi, da kuma wata tsohuwa Hindu da ke wurin.

Akwai wani ƙauye da ake ce wa Tungar Bappa, a gefen daji. Mutanensa sun gudo Maradun tun tsakiyar damina suna raɓe a gidajen dangi, suka bar dawarsu a gona. Da ta nuna sai dattawansu suka zo ofishin 'yan sanda suka ce in ba su yanke ta ba, ba su da abin da za su ci har wata shekara. Aka yarda a raka su da safe a dawo da su kafin la'asar. Aka ba Saje Ɗan Asabe mota ɗaya da 'yan sanda kaɗan. Kwanakin farko lafiya aka je aka dawo. Maza na yanka, mata na tarawa, ana ɗaure dammuna ana lodawa a amalanke.

Ranar da za a gama, da hantsi, suka ji ƙarar babura daga cikin daji, da yawa. Tsakanin gonakin da hanyar gari akwai korama, mashigi ɗaya ne amalanke ke iya bi. Jafaru ya ce Saje bai ɗaga murya ba. Ya ce wa direba ya kwashi mata da tsofaffi iya abin da motar za ta ɗauka ya tafi, ya tura sauran 'yan sandan su bi masu gudu a ƙasa, shi da Nagode da Jafaru suka kwanta bayan tudun bakin mashigi suka fara harbi don su tsai da masu zuwa.

Amalanken ƙarshe ba dawa ya ɗauko ba. Hindu ce a ciki, wadda ƙafa ta hana gudu, da surukarta mai tsohon ciki. Da suka iso bakin ruwa ƙarar bindiga ta firgita shanun, suka toge, mai korar su ya yi ta duka suka ƙi motsi. Hindu ta ce sai ta ga ƙaton ɗan sandan nan mai tabo a goshi ya taso daga inda yake kwance, ya rataya bindiga, ya kama igiyar hancin san da ke dama, ya dafa masa wuya yana yi masa magana a hankali irin ta makiyaya. Ya ja su cikin ruwa har cinya, ya haye da su. Ta ce masa, "Ɗana, hau mu tahi." Ya ce, "Ku tahi, Inna, ina da mutane can." Ya juya ya koma.

Kafin ya isa an harbi Nagode a ƙirji. Jafaru ma harsashi ya same shi a cinya. Saje ya ja shi zuwa cikin ciyawar bakin korama ya ce kada ya ɗago ko mi ya ji, ya karɓi sauran harsashinsa ya koma kusa da Nagode. Jafaru ya ce ya daɗe yana jin bindigar Saje, yana gane ta don ɗaya-ɗaya yake harbawa. Daga baya ya daina jin ta.

Da sojoji suka iso maharan sun janye. Sun ƙone dammunan da aka bari, sun kashe wani manomi da ke can ƙarshen gonaki wanda bai ji kira ba, sun tafi da samari biyu da sai bayan watanni suka dawo. Sauran jama'a duk sun isa Maradun. Aka samu Ɗan Asabe da Nagode wuri ɗaya a bayan tudun.

Bayan la'asar mijina ya shigo gida ya tsaya tsakar gida bai cire takalmi ba. Ya ce, "Indo, sa mayafinki, mu tahi gidan Kawu." Ban tambaye shi ba. Tun daga bakin layi na ga mahauta sun rufe rumfunansu suna tsaye a ƙofar gidan.

Washegari da safe aka kawo gawar Ɗan Asabe. Kawu ya tsufa a lokacin, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure aka shigo da wani babban ɗan sanda ya durƙusa ya yi masa ta'aziyya. Kawu ya amsa, sannan ya ce, "Mutanen da ya raka, sun tsira?"

"Mafi yawansu sun tsira, Baba."

"Alhamdu lillahi. An ce ba shi ɗai ba ne. Wa anka kashe tare da shi?"

Aka ce Nagode.

"Yaron ga mai gina ma uwa tai ɗaki?"

A nan ne Kawu ya rufe fuska da hannun riga. Jama'ar da ta yi wa Ɗan Asabe salla ta cika fili har bakin titi. Na ji an ce har Fulani sun zo daga wajen Dakko, sun tsaya a sahun baya, ana idarwa suka tafi.

Ranar addu'ar bakwai Hindu ta zo, an riƙo ta. Ta kawo dawa a ƙullin zane, ta ce daga cikin wadda aka samu fitarwa ce. Ta zauna gaban Zainabu ta ba ta labarin amalanke tun daga farko. Ta ce surukarta ta sauka lafiya, mace aka samu. Zainabu ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ya ci wani abu da sahe kahin ku hita?" Hindu ta ce ta ga yana shan kunu a bakin mota. Zainabu ta ce, "To, madalla." Sai da baƙi suka watse ta shiga ɗaki, na bi ta na rufe ƙofa.

Kawu ya dage sai an je Zuru an yi wa mahaifiyar Nagode gaisuwa. Ya ce ba daidai ba ne a yi ta cika gidansa alhali wata tana can da irin ciwonsa ba wanda ya je daga nan. Maza sun je tun a makon farko. Da Zainabu ta fita takaba ta ce ita ma za ta. Muka tafi tare, Jafaru ya raka mu yana dogara sanda. Tafiya ce mai nisa, don sai da muka yi zagaye saboda hanya.

Muka sami matar a wani ƙauye gefen dutse, gajera, fara tas da furfura. Ga ɗakin nan na bulo a gefen gidan, abokan aikinsa sun haɗu sun rufa shi da kwano. Ta shimfiɗa mana tabarma a ciki. Muka yi gaisuwa mai tsawo. Sai ta dubi Zainabu ta ce ɗanta ya sha ba ta labarin Saje a waya, yana cewa in yana kusa da shi ba ya jin tsoro. Zainabu ta ce shi ma Saje yakan ce yaron nan ne ke sa su dariya in abin ya yi tsanani. Suka riƙe hannun juna. Ta hana mu komawa ranar, ta yanka mana kaza ta hannun wani maƙwabcinta Musulmi, muka kwana a ɗakin.

Kawu bai ga daminar da ta biyo baya ba. Zainabu tana nan Mafara da yaranta, tana sayar da kayan miya a cikin gida, Mufida kuma tana ajin ƙarshe na sakandare. Jafaru ya koma aiki, amma a ofis suka bar shi saboda ƙafar. Wasu daga mutanen Tungar Bappa sun koma ƙauyensu, wasu har yanzu suna gari suna jira.

Mahaifiyar Nagode takan kira Zainabu duk Sallah, Zainabu kuma takan kira ta da Kirsimeti. Ba sa daɗewa. Na taɓa zama kusa ina ji. Sun tambayi lafiyar juna, da yara, da ko an samu ruwa a can, tsohuwar ta ce a gaida Indo mai ƙuli, suka yi sallama.